Gwiwar Inna da Gadar Unguwarmu

Gidanmu yana can ƙarshen gangare a Lalala, inda ƙasa ta gaji da sauka ta kwanta a bakin rafi. Don mutunci nake ce masa rafi. Da rani kwata ce kawai, mai jan ledoji da ɓawon ayaba. Da damina kuwa sai ya tuna cewa teku ba nisa, ya kumbura, ya yi jawur, ya dinga gurnani a bayan ɗakinmu har mu daina jin maganar juna. A kansa aka gitta katako uku. Ba wanda ya san wanda ya fara sa su; idan ɗaya ya ruɓe, wani bawan Allah ya kawo wani ya maye gurbinsa. Ƙetaren katakon nan titi yake, da taksi, da kasuwa, da sauran Libreville gaba ɗaya.

Fiye da shekara ashirin mahaifiyata, Inna, tana ƙetare su kowace safiya da bokitin ƙullu a kai da tanda a hannu. Waina take toyawa a bakin titi, ƙarƙashin wata laima da ta koɗe. A hannunta 'yan Gabon na unguwar suka koyi cin waina, wasu da sukari, wasu da yaji, wasu kuma, Allah ya shirye su, da kifin gwangwani. Ni ma a bayanta na fara ƙetare rafin, a goye, ina leƙen ruwa ta ƙarƙashin hammatarta. Har yau idan na rufe ido ina ganin ruwan nan yana wucewa, kuma ban sani ba ko tunawa nake yi ko labarin da ta sha ba ni ne ya zame mini hoto.

Sai ciwon gwiwa ya zo. Ba faɗuwa ta yi ba. Ta dama ce ta fara ƙara idan ta miƙe, ta hagu ta biyo baya. Wata safiya ta kai tsakiyar katakon, ya lanƙwasa kamar yadda ya saba, ƙafar ta ƙi ɗaukarta. Ta tsaya cak da bokiti a kai, ba gaba ba baya, har wani mai wucewa ya kamo hannunta ya dawo da ita. Daga ranar ba ta sake hawa ba. Akwai hanya ta sama, amma hawa ce mai nisa tsakanin gidaje, duk duwatsu da santsi, mota ba ta shigowa. Sau biyu da za a kai ta asibiti samari suka ɗauke ta a kujera suka ƙetare da ita. Ta rufe fuskarta da mayafi har aka sauke ta, da muka dawo ta ce gara ciwon da wannan ɗaukar.

Shekara biyu ke nan tana zaune a ƙofar gida, a inuwar kwano, fuskarta ga katako uku. Ta haddace takun kowa. Ko ba ta ɗaga kai daga tsintar shinkafa ba za ta ce, “Tela ne, yau ma ya makara,” kuma shi ɗin ne. Ni a lokacin ina aiki a wani kantin magani a unguwar Cocotiers, kullum na dawo sai ta sa na ba ta labarin hanya. Bishiyar nan ta mahaɗa tana nan? Teku ya janye ko ya cika? Wa ya kafa tebur a inda laimarta take? Wani lokaci ƙarya nake shirga mata, don ni a taksi waya nake dannawa, ban ga teku ba ban ga bishiya ba. Sai na ce ya cika fal, Inna, har da kwale-kwale biyu. Ta gyaɗa kai, ta lumshe ido, ta daɗe a haka. Ina jin tausayinta, wani sa'in kuma ina jin haushin tambayoyin, don na gaji, sannan in ji haushin kaina.

A shekarar ne aka ce meri, wato ofishin magajin garin gundumarmu, ta sauya tsari. Wai daga yanzu ƙananan ayyukan unguwa mutanen unguwa ne za su zauna su yanke inda za a yi su. Da na ji, dariya na yi. Tun da na buɗe ido abubuwa daga sama suke sauko mana. Ka kwana ka tashi ka ga an kafa turken fitila a lungun da ko akuya ba ta bi, ko an ajiye kwandon shara a bakin tagar wani. Ba a tambaye ka ba, kai ma ba ka tambaya. Wanda ya zana abin a takarda bai taɓa sa takalminsa a taɓonmu ba, kuma ba mugunta ba ce, bai san mu ba ne.

Amma wata Laraba sai ga shef, wato mai unguwarmu, da kansa, dattijo ɗan Gabon mai furfura da tuta a ƙofar gida, yana gangarowa da lasifika a hannu. Ya ce za a gina gada ɗaya ta siminti a kan rafin, mai faɗi, da ƙarfen riƙewa hagu da dama. Wuri biyu ne suka dace: ko nan ƙasa inda katakonmu yake, ko can sama kusa da makarantar firamare, inda yara ke ƙetarewa a kan wani ƙaton bututu. Asabar ta sama da safe za a taru a gidansa a zaɓa. Duk baligin da ke zaune a unguwar yana da magana, ɗan ƙasa ne ko baƙo. Da ya zo daidai ƙofar masallacinmu ya tsaya ya maimaita wannan sau biyu.

Tun daga ranar Inna ta fara tafiye-tafiye tana zaune. Za ta je kasuwa ta zaɓi kifi da hannunta, don a cewarta ni kifin da ya gaji da duniya nake sayowa. Za ta je gaisuwar rasuwar da aka yi wa ƙawarta tun bara, wadda har yanzu ta waya kawai ta yi. Za ta shiga taksi ta zauna a gaba, a bi da ita ta unguwar Louis ta ga gidajen abincin da na ce mata suna jera kujeru a waje, sannan a sauke ta a bakin teku ta zauna, ba abin da za ta yi, zama kawai. Da yamma idan an yi ruwa an ɗauke, rafin yana hayaƙi, kwaɗi sun fara, sai ta nuna mini da haɓa inda ƙarfen zai fara da inda zai ƙare. Taku goma sha biyu ne daga inda take zaune. Ta ƙirga tun tana da ƙafa.

Yawancin mu mazauna ƙasan gangaren Hausawa ne, gida wajen arba'in, 'yan Kano da kewaye da wasu 'yan Nijar, masu shaguna da masu tebur a kasuwa. Kuma muna da yadda muke yi da hukuma tun kafin a haife ni. Idan magana ta taso, ko ta gawa ce, ko ta rigima, ko ta takarda, maza su zauna a masallaci bayan la'asar. Kowa ya faɗi nasa, a ja, a sassauta, har baki ya zo ɗaya. Sannan a zaɓi dattijo guda, ya sa babbar riga, ya je ya faɗa da sunan kowa. Shekara goma mahaifina, Baba, shi ne bakin nan. Kuma gaskiya tsarin ya yi mana rana. Na sha ganin ya fita da safe a kan maganar da kowa ya ce ta lalace, ya dawo kafin azahar ya ce a ba shi ruwa, an gama.

Kwana uku suka yi suna zama a kan maganar gadar. Ba wanda ya ce a kai ta sama. Abin da ya ɗauke su kwana uku shi ne yadda za a faɗa ba tare da an ɓata wa masu ƙasa rai ba. A rana ta uku aka yi fatiha, aka ce Alhaji, wato Baba, ya je.

Ina zuba masa abinci na ce, “Baba, hannu fa za a ƙirga ranar Asabar.”

“Wane hannu, Uwata?” Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

“Hannun duk wanda ya je. Za a ce masu son ƙasa su ɗaga, masu son sama su ɗaga. Haka ake yi a irin wannan taro na reyinyo, tun muna lakwal haka muke zaɓen shugaban aji. In kai kaɗai ka je, kai kaɗai ne.”

Ya yi murmushin da yake yi mini idan na kawo masa boko. “Shef ya san ni. Ya san in na yi magana ba ni kaɗai ba ne.”

“Ya sani, amma ba saninsa za a rubuta ba.”

“Mu baƙi ne, Uwata. Baƙo ba ya zuwa ƙofar hukuma da gayya. Mu tashi mu arba'in da manyan riguna mu cika wa mutum tsakar gida, me za su ce? Za su ce mun zo karɓe musu unguwa.”

“Ni a nan aka haife ni.”

“An haife ki a nan. Ni kuwa har gobe kart sejur, takardar zaman baƙo, nake sabuntawa. Kuma akwai yaranmu da takardunsu ba su cika ba, ki ce su je su tsaya gaban mutumin meri su ɗaga hannu?”

Na san akwai gaskiya a maganarsa, shi ya sa raina ya ƙara ɓaci. Na dire murfin tukunya da ƙarfi. Inna, wadda ba ta kama sunana don ni ce 'yar fari, ta ce daga ƙofa, “Ke, bar shi. Ya san su, sun san shi.” Da ita ta faɗa, sai na ja bakina.

Ranar Asabar gari ya waye da hadari mara nauyi, irin wanda ba ya zubowa, sai dai ya sa komai ya yi laushi. Inna da kanta ta turara masa farar rigarsa, ta miƙa masa hula. Ya hau gangaren shi kaɗai, a hankali, yana tattare bakin rigar daga taɓo. Maƙwabta suna buɗe shaguna suna ce masa Allah ya ba da sa'a. Na ba shi rata, na sa mayafi na bi bayansa, ban gaya wa kowa ba.

Tsakar gidan shef ta cika. An kwaso bencina daga coci an jera a ƙarƙashin wata babbar bishiya mai zubar da jajayen ganye. Mata da goyo, tsofaffi da sanduna, samari da rigunan ƙwallo, kaji suna ratsawa tsakanin ƙafafu. Na laɓe a baya cikin matan. A gefe wata matashiya daga meri tana zaune da fayil a cinya. Da aka ba ta magana ta miƙe ta ce, “Yau ba ni zan yanke ba, ku ne. Ni rubutawa kawai na zo yi.” Ta koma ta zauna. Ban taɓa ganin mutumin ofis ya rufe baki ya buɗe kunne ba sai ranar. Na ji kamar unguwar nan tawa ce da gaske, har da kajinta. Ganye ɗaya ya faɗo a kan fayil ɗin, ba ta ture shi ba.

Baba aka fara bai wa dama, don girmansa. Faransancinsa na kasuwa ne, ba ruwansa da ƙa'ida, amma idan ya miƙe cikin rigar nan ba ka jin kuskuren. Ya gaida shef, ya gaida baƙuwa, ya gaida iyaye mata. Ya gode wa ƙasar da ta karɓe su ta ba su wurin kwana da wurin sallah. Sannan ya zo kan katako uku: yadda ruwa ke tafiya da su kowace damina, yadda 'yan kasuwa ke ƙetarewa da buhu a kai, yadda ake fama idan an yi rasuwa. Ya ce, “Akwai kuma marasa lafiya.” Na riƙe numfashi ina jira. Ya tsaya a nan, ya wuce zuwa godiya. Dattijon Bahaushe ba ya kawo zancen matarsa cikin taro, balle zancen jikinta. Aka tafa masa sosai, har shef yana gyaɗa kai.

Sai wata mata ta miƙe daga bencin gaba, mai sayar da busasshen kifi ce a kusa da makaranta, na san ta tun tana sayen waina wajen Inna. Ba ta gaida kowa ba. Ta ɗaga 'yarta ta tsayar a kan benci, ta kama sunanta, ta janye siket ɗin makaranta ta nuna tabon da ke ƙaurinta, dogo, inda bututu ya yanke ta ranar da ta zame. Ta ce, “Wannan tawa ce. Ku kuma kun san naku.” Ta sauke yarinyar ta zauna. Ba a tafa mata ba, amma wurin ya yi tsit.

Shef ya ce, “Akwai mai ƙari?” Idonsa ya bi ta kan bencina, ya bi ta kaina. Maganar tana bakina, a shirye, da Faransancin da ya fi na kowa a wurin. Mahaifiyata ce, wadda kuka ci wainarta, shekara biyu ba ta taka titi ba. Abin da zan ce ke nan, bai fi numfashi ɗaya ba. Amma uba ya gama magana a gaban jama'a, 'yarsa ta miƙe ta ƙara? Kamar na ce wa duniya bai iya ba ne. Na kalli bayan farar rigarsa, na yi shiru. Har yau shirun nan yana damuna.

Aka ce masu son sama su ɗaga hannu. Matashiyar ta bi layi tana ƙirgawa da bakin biro. Aka ce masu son ƙasa. Baba ya ɗaga, ni ma na ɗaga daga baya, da wasu 'yan Gabon da 'yan Togo da ke zaune a ɓangarenmu. Ba mu yi kaɗan ba yadda na zata. Tazarar da aka ba mu ba ta kai yawan mutanen da ke tsayawa a sahun gaba na masallacinmu da azahar ba.

Baba ya ce, a natse, “Shef, hannun nan nawa na gida arba'in ne.”

Shef ya dube shi da idon wanda ya daɗe da sanin mutum. “Na sani, Papa Alaji. Amma ni ɗaya nake gani. Ina sauran?”

“Suna shago.”

Wani ya yi 'yar dariya, ba ta mugunta ba. Matashiyar ta rubuta abin da ta ƙirga. Baba bai sauke hannun nan da nan ba. Ya bar shi a sama, hannun rigar ya zame har gwiwar hannu, bayan kowa ya sauke nasa, kamar yana jiran a sake dubawa. Sannan ya sauke, ya gyara rigar, ya je ya yi wa shef sallama da hannu biyu yadda ya saba.

Da muka koma, shi a gaba ni a baya, Inna ba ta tambayi komai ba. Ta ji takunsa tun daga saman gangare. Ta ce, “Sannu da hanya, Alhaji,” ta ce mini in kawo masa ruwa. A masallaci aka ce Allah bai nufa ba, aka yi masa sannu da ƙoƙari, ba wanda ya ɗora masa laifi don dukansu suka yanke. Ni ma ban ce masa ai na faɗa ba. Na so in faɗa, har na shirya yadda zan jera kalmomin, amma da na ga yadda yake zama a bakin gado yana kallon hularsa sai na fasa.

Da rani ya shigo aka fara aikin. Ranin Libreville ba rana gare shi ba, sama ce fara-fara kullum da iska mai sanyi daga teku. Daga ƙofarmu ba a ganin wurin, sai dai a ji. Injin kwaɓa siminti yana juyi can nesa tun safe, guduma tana amsawa, wani lokaci ruwan rafin ya gangaro fari-fari da ƙurar siminti ya wuce ta ƙarƙashin katakonmu. Inna takan bi shi da kallo har ya sha kwana. Ta daina tambayata labarin teku. Ni kuma a lokacin ne na fara ajiye waya a jaka ina kallon hanya da gaske, ina dawowa da labari cike da baki, ba mai tambaya.

Wata Lahadi, bayan an buɗe gadar da kamar wata guda, na tashi na tarar ta yi wanka ta ɗaura atamfarta ta zuwa biki, lalle a hannu. Ta ce za ta je ta ga gadar. Akwai 'yar siririyar hanya da ke bin bakin rafin zuwa sama, ta cikin tsakar gidajen mutane, wadda ni nake yi a minti goma.

Baba ya ce, “A kira samari su ɗauke ki.”

“Da ƙafata, Alhaji.”

Ya tsaya yana kallonta. Sai ya shiga ɗaki ya fito da kujerar roba shuɗiya. Na miƙa hannu in karɓa, ya ce in kama mahaifiyata. Mutumin da ko butarsa ba a bari ya ɗauka a waje, ga shi da kujera a kafaɗa yana bin matarsa a baya. Ba ya matsowa kusa. Idan ta tsaya, ya zo ya ajiye kujerar a bayanta, ya koma gefe yana kallon rufin gidaje kamar kujerar da kanta ta zo. Wani maƙwabcinmu ya taso da sauri zai karɓa, Baba ya ce, “Bar shi,” bai ko dube shi ba.

Tafiyar nan a raina kamar a mafarki take. Taku ashirin, a zauna. Taku goma sha biyar, a zauna. Waƙar coci tana tasowa daga wani wuri ta lafa, ta sake tasowa daga wani. Muka ratsa ƙarƙashin shanyar mutane, muka wuce inda ake dafa rogo a ganye, ƙamshinsa mai tsami ya bi mu. Gidajen nan shekara talatin Inna tana maƙwabtaka da su ba ta taɓa shiga ba, yau ga ta zaune a tsakar kowanne, ana kawo mata ruwa a kofi. Wata tsohuwa ta shafa mata gwiwa ta yi mata addu'a da yarensu, Inna ta ce amin. Hannunta a kafaɗata yana ƙara nauyi, gumi yana bin wuyanta, amma ko sau ɗaya ba ta ce a koma ba.

Dab da makaranta muka zauna a ƙofar mai kifin nan. Ta fito da kwano a hannu, ta tsaya.

“Mama, ke ce? Mun ɗauka kin koma Najeriya.”

Inna ta amsa da Faransancinta na bakin tanda. “Ina nan ƙasa. Gwiwa.”

Matar ta kalli ƙafafun, ta kalli hanyar da muka biyo, ta kalli kujerar. Na ga lokacin da ta gane. Ta juya ga Baba.

“Papa, gadar ƙasa don ita ce? Me ya sa ba ka faɗa ba? Ka ce buhu, ka ce 'yan kasuwa. Ni dai 'yata ce, ba zan sauke hannuna ba ko da ka faɗa. Amma rabin matan da ke wurin 'ya'yansu sun gama makaranta, kuma da wainar Mama suka girma.” Ta koma kan Inna. “Ke ma da kin aiko, da mun zo mun taho da ke. Hannunki da na shef ɗaya ne a wurin.”

Inna ta juyo gare ni, da Hausa, a hankali.

“Ke, har mata ake ƙirgawa?”

“Har mata, Inna.”

“Har ni?”

“Har ke.”

Ta buɗe tafin hannunta a cinya tana kallon lallen. Ba ta tambaye ni me ya sa ban gaya mata ba. Ni da bokona da dire murfin tukunya, maza arba'in nake ta faɗa a kan su je. Ko sau ɗaya bai faɗo mini ba cewa a kowane gida akwai mace zaune, da hannu biyu, kuma ba shagon da zai hana ta. Kunya ta kama ni har na kasa kallon kowa.

Azahar ta kusa lokacin da muka iso. Gadar ba wata babba ba ce, siminti ne fari da ƙarfe mai shuɗin fenti, amma ba ta motsi. Wannan ce rana ɗaya tak da Inna ta taka ta. Tafiyar ta kwantar da ita mako biyu, komawa gida ma a kujera aka yi, kuma ba ta sake nema ba.

Ta ɗora ƙafar dama, ta jira ta ji ko gadar za ta lanƙwasa. Ta ɗora ta hagu. Muka fara tafiya, hannunta ɗaya a ƙarfe ɗaya a kafaɗata, taku ɗaya sai hutu. Can gaba ana ganin titi, taksi suna wucewa suna hon. Mun kai tsakiya sai ga wani mutum a bayanmu da baro cike da ayaba, mutane biyar ko shida sun taru a bayansa. Mun tare hanya. Ya buga ƙarfen baron ya ce a matsa mana, mutane na sauri.

Baba ya ajiye kujerar. Ya juya ya fuskance su, ya ɗaga murya yadda har na bakin titi za su ji.

“Ku yi haƙuri. Matata ce. Gwiwarta ke ciwo, shekara biyu ba ta fito ba.”

Tun da nake ban taɓa jin kalmar nan “matata” a bakinsa ba, ko a cikin gida. Mai baron ya sauke hannayen baronsa. Inna ba ta waiwaya ba, amma na ji yatsunta sun matse kafaɗata.

Ta ce, ƙasa-ƙasa, “Yanzu ka faɗa, Alhaji.”

Sai ta sake ni, ta kama ƙarfen da hannu biyu, ta ƙarasa sauran takun ita kaɗai, mu duka muna tsaye a bayanta muna jira.